Na faɗi mok, saura wata biyu a fara WAEC, akwai sauran gyara?

"Malam ina wuni, ya aiki. Ni ɗalibar SS3 ce a Jega, ajin kimiyya. Sakamakon mok ɗinmu, wato jarabawar gwaji kafin WAEC, ya hito satin da ya wuce, wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba. F9 a lissafi, F9 a Fiziks, E8 a Turanci, D7 a Kemistiri, Bayoloji da Hausa da darasin addini ne kawai na samu kiredit. Saura kamar wata biyu a fara WAEC kuma ni makarantar nas nike son zuwa. Babanmu ya ce in dai haka sakamakon zai hito to karatu ya ƙare. Malam don Allah akwai abin da mutum zai iya gyarawa cikin wanga lokaci ko ko in haƙura?"

Lahiya lau ɗiyata, Allah ya kwantar miki da hankali. In na fahimce ki abu biyu kike tambaya, shin wata biyu zai isa a ɗaga darussa huɗu zuwa kiredit, sannan me zaki yi da maganar Baba. Ni malamin lissafi ne, na daɗe ina riƙe da 'yan SS3 a nan Kebbi kuma ina zuwa makin, wato duba takardun jarabawa da ba da maki, to da wannan idon zan ba ki amsa. Kada ki haƙura. Turanci da Kemistiri suna bakin ƙofa, wata biyu ya ishe su in an yi aikin da ya dace. Lissafi ya danganta da wane irin F9 kika ci, zan yi bayani. Fiziks shi ne zai fi ba ki wuya kuma bazan ɓoye miki hakan ba.

Abin da mok ke nunawa da wanda ba ya nunawa

Makarantar nas kiredit biyar take nema, Turanci, lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Kenan Hausa da addini da kika ci, Allah ya sa albarka, amma ba su za su shigar da ke ba, a cikin biyar ɗin nan ɗaya kawai ke hannunki yanzu. Na faɗa ne don ki san inda za ki zuba ƙarfinki, don na sha ganin yara bayan mok suna komawa kan darasin da suka iya saboda shi ne ke musu daɗin karantawa, wanda ya kada su kuma ko buɗe littafin ba sa son yi.

A ma'aunin da makarantu ke amfani da shi C6, wato mafi ƙanƙantar kiredit, yana farawa daga maki 50 cikin ɗari, D7 45 zuwa 49, E8 40 zuwa 44, F9 kuma daga sifili har 39. Ki duba faɗin F9 ɗin nan da kyau. Mai maki 37 da mai maki 9 duk F9 aka rubuta musu, amma ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, na farko maki goma sha uku ya rage masa, na biyu kuma tun daga tushe ne babu. Shi ya sa harafin da ke kan takardar sakamako bai gaya min komai ba tukuna, ke ma bai gaya miki ba, kuka kawai ya sa ki.

Dalilan da ke sa mok ya zo da muni suna da yawa kuma ba duka laifin ɗalibi ba ne. Wannan ne karo na farko da aka haɗa miki karatun SS1 zuwa SS3 a takarda ɗaya, alhali kin saba da jarabawar zango wadda abin da aka yi cikin wata uku kawai ake tambaya. A makarantu da yawa lokacin da ake mok ba a ma gama silabas ba. Ga ƙarancin malaman kimiyya, akwai makarantar da za ta yi zango guda babu mai koyar da Fiziks sai in an dace da ɗan bautar ƙasa, ga rufe makarantu da matsalar tsaro ta jawo mana a Kebbi da Zamfara wanda ya ci wa yara makonni masu yawa. Wasu malaman kuma da gangan suke matse hannu wajen ba da maki don yara su farka. Duk wannan gaskiya ne. Amma kar ki kwanta a kan "ai mok ya fi WAEC wuya" kamar yadda 'yan aji ke lallashin juna, galibinmu daga tambayoyin WAEC na shekarun baya muke ciro tambayoyin mok, to in kin kasa su a Faburairu ko Maris babu abin da zai sa ki iya su a Mayu sai in wani abu ya canja a yadda kike karatu. Tunda nas kike so, ki ɗauki mok kamar gwajin jini, ya nuna akwai ciwo tun da sauran lokacin magani, saura a karanta takardar gwajin a ga wane ciwo ne.

Ki je ki karɓo takardun amsarki

Wannan shi ne abu mafi muhimmanci da zan gaya miki yau, kuma shi ne wanda kusan babu ɗalibin da ke yi. Gobe ki sami malamin kowane darasi cikin ladabi ki roƙe shi ya ba ki takardar da kika rubuta, in ba za a bari ki tafi da ita gida ba ki zauna a ofishin malamai ki duba. Kunya za ta kama ki, na sani, amma babu malamin kirki da zai ga yarinya ta zo neman inda ta yi kuskure ya kore ta, mu abin da muke nema kenan ba ma samu.

Ki bi tambaya ɗaya bayan ɗaya, duk inda maki ya zube ki tambayi kanki me ya zubar da shi. Akwai wanda ba a taɓa koya miki ba ko an koya ba ki gane ba sam. Akwai wanda kin gane a aji amma a zauren jarabawa ya gudu. Akwai wanda kin sani sarai amma kin karanta tambayar a gurguje, ko kin manta alamar ragi, ko ba ki sa ma'auni a ƙarshen amsa ba. Sai wanda ko taɓa shi ba ki yi ba don lokaci ya ƙare. Ki rubuta makin da kowane kashi ya ci miki a gefe. Abin da nake gani a takardun yarana shi ne kashi na farko, wato rashin sani tsantsa, sau da yawa bai kai yadda suke zato ba, makin da ke tafiya ta hanyar gaggawa da ƙarewar lokaci da barin fili babu rubutu yana da yawa ƙwarai, kuma shi ne mafi sauƙin dawowa. Mai D7 da E8 irinki galibi a nan kiredit ɗinta ya maƙale.

Lissafi

Takardar lissafi ta WAEC kashi biyu ce. Ta zaɓi, wato objektif, tambaya 50 cikin awa ɗaya da rabi, maki 50. Ta rubutu awa biyu da rabi, maki 100, sashen farko tambaya biyar dole a amsa duka suna ɗauke da maki 40, sashe na biyu tambaya takwas a zaɓi biyar, maki 60. To yi lissafi da ni a ƙiyasce, in kika samu 30 a objektif, 28 a sashen dole, 20 kacal cikin 60 na sashe na biyu, kin haɗa 78 cikin 150, kin haye rabi. Ba ki buƙatar ki iya komai, kina buƙatar ki iya wasu abubuwa sosai kuma kada ki bar maki mai arha a ƙasa.

Ga abin da yara ba su sani ba game da yadda ake makin. A takardar rubutu ba amsar ƙarshe kawai ake ba maki ba, kowane mataki da makinsa, akwai makin hanya akwai makin dacewar amsa. A ce an ba ki 2x² − 5x − 3 = 0. Yarinya ɗaya ta rubuta fomula daidai, ta sa a = 2, b = −5, c = −3, ta samu 25 + 24 = 49, ta cire tushensa 7, sai a layin ƙarshe hannu ya zame ta rubuta x = 3 ko ½ maimakon −½. Wannan ta kwashe makin hanya, na ƙarshe kawai ta rasa. Wata kuma ta yi aikinta a bayan takardar tambaya ko ta leƙo na maƙwabciya ta rubuta x = 3 ko −½ tsurarsa babu aiki, amsa daidai, amma mai makin zai riƙe biro yana kallo babu inda zai sa mata makin hanya. Wallahi abin yana min ciwo a wajen makin, ka ga yaro ya san abu amma ya ɓoye aikinsa. Saboda haka ko ba ki san yadda tambaya za ta ƙare ba ki rubuta fomula, ki zana hoton in tambayar kusurwa ce ko ta biyarin, ki sa lambobin a gurbinsu, kada ki bar fili fari.

Wajen zaɓen abin karantawa, ki ɗauki littafin tambayoyin baya na shekara biyar zuwa goma ki duba da kanki abin da ke dawowa. Za ki ga sitatistiks da teburinsa da giraf, set mai zanen da'irori, furobabiliti, lissafin riba da kashi cikin ɗari, ikweshan biyu masu tafiya tare, kwadiratik da giraf ɗinsa, faɗi da girman siffofi, bariyeshan, indisis da logarizim. Waɗannan ana iya koyonsu cikin makonni in ana yi kullum. Hujjojin da'ira masu wuya da lissafin layukan duniya, in ba ki taɓa gane su ba, ki bar su zuwa ƙarshe in lokaci ya rage, tunda a sashe na biyu kina da damar tsallake tambaya uku.

In kuma kika duba kika ga makinki ƙasa da 20 ne, to matsalar daga JSS ta taso, farakshan, desimal, tara da ragi masu alamar ragi, sauya gefen ikweshan. Ki ba su sati biyu cur ba tare da jin kunya ba, ki ari littafin JSS3 na ƙanwarki ko na maƙwabta. Wanda bai iya haɗa ⅔ da ¾ ba duk fomular duniya ba za ta cece shi ba. A wannan halin gaskiya kiredit a WAEC zai yi wuya, amma NECO na biye kuma makonnin da ke tsakani suna da amfani.

Kuma lissafi ba a karanta shi da ido. Ki rufe misalin, ki ɗauki biro ki yi da kanki, ki buɗe ki gwada. Wanda ya kalli malam ya warware tambaya a allo yana gyaɗa kai yana jin ya iya, sai an ba shi farar takarda ido ya raina fata. Kalkuletar da za ki shiga da ita jarabawa da ita za ki riƙa aiki tun yanzu, ba ki aro wata ranar jarabawa kina neman inda madannin yake ba.

Turanci

Wannan ba fannina ba ne, abin da zan faɗa daga zama da abokan aiki masu makin Turanci na samo shi, ki kai wa malaminku ya ƙara miki. Takardar rubutu maki 100 ce, insha'i 50, fahimtar nassi 20, taƙaitawa 30. A insha'i ana son kalma kamar 450, kuma makin ya kasu, abin da aka faɗa 10, tsari 10, iya sarrafa harshe 20, tsabtar rubutu daga kurakurai 10. Wannan goman ta ƙarshe rabin maki ake cirewa a kowane kuskuren nahawu ko rubutun kalma ko aya, kuskure ashirin ta ƙare, kuma yawancin yaranmu tun a shafin farko suke cinye ta. Maganinsa gajerun jimloli da kalmomin da kika tabbatar kin iya rubutawa, ki bar manyan kalmomin burga da aka haddace ba a san inda za su zauna ba.

Ki ƙware a wasiƙa, ta hukuma da ta zumunci, don kusan kullum tana cikin zaɓi kuma tsarinta abu ne da ake iya koya a yini ɗaya, adireshi biyu a ta hukuma, kwanan wata, gaisuwa, kan magana, rufewa, sa hannu da cikakken suna. Ki rubuta guda biyu duk sati ki kai a duba miki da jan biro, ki tara kurakuran da kike maimaitawa a bayan littafi, za ki ga ba su wuce iri biyar ko shida ba suke ta dawowa. A taƙaitawa kuma abin da ke kashe yara kwafo jimlar nassi ɗungurungum, ana so ki faɗa da kalmominki a cikakkiyar jimla, in an ce jimla uku ki ba da uku. Daga E8 zuwa C6 tazarar maki shida zuwa goma ce, taƙaitawa kaɗai tana iya kawo su.

Kemistiri da Fiziks

Duka biyun suna da firaktikal, kuma nan ne mai rauni ke samun abin dogaro don tsarinsa ba ya canjawa sosai. A Kemistiri akwai taitireshan, teburin karatun buret da lamba biyu bayan ɗigo, sakamakon da suka yi kusa da juna, matsakaicinsu, sannan lissafin mol da ke biyo baya, ga gwajin gano gishiri inda ake rubuta abin da aka yi, abin da aka gani, da abin da ya nuna. A Fiziks tebur ne da ma'auni a kan kowane ginshiƙi, giraf mai sikeli mai kyau, gangaren layi, da matakan kiyayewa. Ko makarantarku ba ta da kayan aiki sosai ki matsa wa malami ku yi ko sau biyu ne kafin ranar, ki kuma yi ta zana giraf a gida da alƙaluman tambayoyin baya har hannunki ya saba. A ɓangaren rubutu na Fiziks ki fara da ma'anoni da dokoki da ma'aunai, sai lissafin tafiya, zafi, haske da lantarki mai sauƙi. Za ki lura rabin wahalar Fiziks lissafi ce, sauya fomula, to duk gyaran da kika yi a can yana biya a nan. WAEC tana fitar da rahoton manyan masu makin na kowane darasi a shafinta na intanet, inda suke faɗin kurakuran da ɗalibai suka yi a kowace tambaya, in akwai mai babbar waya a gidanku ya buɗe miki, kyauta ne.

Bayoloji kar ki sake shi gaba ɗaya, awa biyu ko uku a sati ta ishe shi ya zauna inda yake.

Lokaci, zafi da aikin gida

Kin san yadda Afrilu da Mayu suke a Jega, da rana ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar komai, da dare ga sauro ga rashin wuta. Lokacinki mai tsada shi ne bayan sallar Asuba zuwa shirin makaranta, ki ba lissafi shi kullum, ko awa ɗaya ce. Bayan La'asar Kemistiri yau Fiziks gobe. Bayan Isha'i abu mara nauyi, Turanci ko Bayoloji, da fitila mai caji. Awa uku zuwa huɗu a rana da biro a hannu sun fi kwana zaune ana kallon littafi ana gyangyaɗi. Ranar Asabar ki zauna kamar a zauren jarabawa, ki aje agogo, ki yi cikakkiyar takarda ɗaya ta shekarun baya ba tare da leƙa amsa ba, ki yi wa kanki maki ki rubuta. Wannan makin na Asabar shi ne zai nuna miki ko kina gaba, ba yadda kike ji a ranki ba.

Ki sami ƙawa ɗaya ko biyu da suka fi ki a lissafi, ba taron mutum takwas da zai koma hira ba. In kin koyi abu ki koya wa wata, a nan za ki gane ko kin iya. Ki yi barci, ki kwana cikin gidan sauro, zazzabin sati ɗaya a wannan lokacin asara ce babba. Kofi mai yawa da ƙwayoyin hana barci da wasu ke sha, ki nisance su. Sannan ki zauna da Inna ki roƙe ta a rage miki aikin gida na wata biyun nan, ko wanke-wanken safe ne ƙannenki su karɓa, iyaye mata in an yi musu bayani da takarda a hannu suna fahimta fiye da yadda ake zato.

Za a zo miki da maganar ekspo, a ce a haɗa kuɗi, ko a sa ki a wani guruf da ake turo amsa. Ki rufe kunnenki. Ban da haramcinsa, WAEC tana riƙe sakamakon waɗanda ake zargi ko ta soke shi, wani lokacin har wanda bai ji ba bai gani ba a cibiyar ya shafa, kuma a 2025 ta fara jujjuya jerin tambayoyin objektif a wasu darussa ciki har da lissafi da Turanci, lamba ta biyar ɗinki ba ita ce ta biyar ɗin maƙwabciyarki ba. Ke da za ki riƙe allura da ran mutane, lissafin awon magani ba a leƙa shi a takardar wani.

Maganar Baba

Ban san Babanku ba, amma na zauna da iyaye da yawa masu irin wannan furuci, mafi yawansu ɓacin rai ne da tsoron kada kuɗi da shekaru su tafi a banza. Kada ki je masa da kuka kawai ko da alkawarin baki. Ki je da takardunki da jadawalin da kika tsara, ki nuna masa ga inda na faɗi, ga abin da nake yi, kuma duk Asabar ki kai masa makin da kika samu ya gani da idonsa. In kina jin nauyinsa ki sa malamin ajinku ko wani kawu ko gwaggo da yake jin maganarsu su yi masa bayani cewa mok ba ya shiga takardar shaidar kammalawa.

Su kuma gaya masa cewa dama ba ɗaya ba ce. NECO tana zuwa bayan WAEC, wajen Yuni zuwa Yuli, in an yi miki rajistarta, kuma makarantun nas suna karɓar haɗin sakamako biyu, kenan in Fiziks ko lissafi ya ƙi a WAEC ya zo a NECO an wuce wajen. In duka biyun an samu giɓi akwai ta masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara, darasin da ya rage kawai za ki mayar da hankali a kai. Bazan yi miki alkawarin kiredit biyar a zama ɗaya ba tunda ban ga takardunki ba, amma na ga masu D7 da E8 da yawa sun haye, na kuma ga masu F9 na sama-sama a lissafi sun fito da C6 bayan sun koyi nuna aikinsu da kula da agogo.

In kin karɓo takardun ki turo min ainihin makin lissafi da na Fiziks, objektif daban rubutu daban, da lambobin tambayoyin da kika bari ba ki taɓa ba, sai in gaya miki da wane babi za ki fara ranar Litinin. Allah ya ba da sa'a, ki gaida su Inna.